Kafin Ka Taya Tsohuwar Kwamfutar Ces

A shekarar 1977 wani kamfani a Chicago mai suna Fidelity Electronics, wanda aka fi sani da kayan taimakon ji da na asibiti, ya fito da wani ɗan akwati mai allon ces a samansa da maɓallai a gefe. Ka danna masa inda ka kai ɗanka, ya yi jim, ya nuna maka nasa motsin da jajayen lambobi. Sunansa Chess Challenger, kuma Ron Nelson ne ya rubuta manhajarsa. Sai dai an tafka kuskure wajen buga allon: inda 'yan wasa suka saba ganin haruffa an sa lambobi, inda suka saba ganin lambobi an sa haruffa. Nan da nan kamfanin ya gyara, ya fitar da Chess Challenger 3, har ya riƙa karɓar na farkon yana sauya musu kayan ciki. Yau wancan mai kuskuren, wanda ba a taɓa shi ba, shi masu tarawa ke rububi. Wasansa kuwa, yaron da ya yi wata uku yana koyo zai cinye shi.

Wanda ya gane wannan labari ya gane rabin kasuwar. A nan ƙarfin wasa daban, kuɗi daban, kuma yawancin asarar da sabon shiga ke yi daga haɗa biyun nan take tasowa.

Tsofaffin hannu a Jamus da Holand, inda wannan sha'awa ta fi kafuwa, sun daɗe suna ƙorafin cewa kasuwa ta lalace. Suna tuna lokacin da ake tsintar allon katako a kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, domin daga tsakiyar shekarun 1990 kowa ya koma kan kwamfutar tebur. A 1994 manhajar Chess Genius ta Richard Lang ta fitar da Kasparov daga wata gasar wasan sauri a Landan, a kan kwamfutar Pentium irin ta ofis. A 1997 kwamfutar Deep Blue ta doke shi, ta ƙarasa zancen. Wa zai ƙara zuba dubban mak na Jamus a kan allon da faifan manhaja mai araha ya fi shi iyawa? Kamfanonin ma sun riga sun fara haɗiye juna: Hegener & Glaser na Munich, masu Mephisto, sun sayi Fidelity a 1989, su kuma Saitek ta saye su a 1994. Na'urorin suka koma saman silin da ƙarƙashin gado.

Abin da ya dawo da su ba boyayye ba ne. Yaran da suka riƙa leƙen su ta gilashin kanti a 1985 ba su da ko sisi, yanzu sun manyanta, aljihu ya yi nauyi, suna neman abin da ya gagare su da ƙuruciya. Tsofaffin nan ba a ƙara ƙera su, waɗanda ke akwai kuma kullum wasu na mutuwa. Zaman kulle na 2020 da fim mai dogon zango The Queen's Gambit sun kwararo da sababbin 'yan wasa, kaɗan daga cikinsu suka gangaro nan. Sannan ga intanet: wanda ya tsinci allon mahaifinsa a ɗakin ajiya yana dubawa sau ɗaya, ya ga farashi mafi tsada da wani ya taɓa rubutawa, ya ce nasa ma haka. Ga kuma 'yan kayi-nayi da ba su san yadda doki ke tsalle ba, su saya yau su ƙara kuɗi gobe.

Ni dai ban cika bin tsofaffin hannu wajen ɗora wa sababbin shiga laifi ba. Ba don su ba, da allunan nan da yawa a bola za su ƙare ranar da magada suka zo share gida. Kuma tsadar ba ta game ko'ina ba. Ta taru ne a kan 'yan sunaye: Tasc R30, manyan Mephisto na Lang a allon katako, Fidelity Elite da Prestige, Novag Robot Adversary mai hannun ƙarfe, da irinsu. Waɗannan kan haura yuro dubu, wasu su ninka. A ƙasansu akwai ɗaruruwan na'urori da har gobe kuɗinsu bai wuce na cefanen mako guda a Turai ba.

Fara da sanin wanda ya rubuta

Sabon shiga yakan haddace sunayen kamfanoni. Tsohon hannu sunayen marubuta manhaja yake haddacewa, kuma ba su da yawa. Dan da Kathe Spracklen, mata da miji masu manhajar Sargon, su suka riƙe Fidelity a shekarun 1980. David Kittinger na Novag ne. Richard Lang, Ed Schröder da Frans Morsch sun yi wa Mephisto, Morsch kuma ya yi wa Saitek da yawa. Johan de Koning shi ke da manhajar The King da ke cikin Tasc R30. Kowannensu da halin wasansa, kamar yadda ake gane kiɗan makaɗi tun kafin a hango shi. Na Lang akwai haƙuri da tsare gida, ya bar ka ka rataye kanka. Na Kittinger akwai zafin kai: Super Constellation ta 1984 ta yi suna wajen jefar da ɗa a ƙofar sarkinka, ko lissafin bai gama fita ba. Na Morsch kaifin ido ne wajen tarko, amma idan allo ya yi fili a ƙarshen wasa sai ka ga ya fara lalube.

Amfanin wannan sani a aljihu yake bayyana. Kamfanoni sun riƙa zuba manhaja ɗaya a riguna daban-daban. Mephisto Dallas ta lashe gasar duniya ta ƙananan kwamfutoci a 1986, kuma a allon katako tana da tsada. Manhajar nan ce a cikin Mondial 68000XL mai jikin roba. Montreal 68000 tana ɗauke da manhajar Mephisto Roma. Saitek President mai katako da GK 2100 mai roba kansu ɗaya. RadioShack a Amurka ta sayar da na'urorin Saitek da dama da nata sunan, kuma sau tari mai sayarwa bai san abin da ke hannunsa ba. Idan wasa kake so, sayi ƙwaƙwalwar a riga mai araha. Idan katako kake so, to ka san katako kake biya, ba laifi ba ne, amma kada ka ruɗi kanka.

Game da ƙarfi, kada ka yarda da lambar da aka buga a kwali. 'Yan talla ne suka rubuta ta, kuma kusan kullum sun yi ƙari. Jerin ƙungiyar SSDF ta Suwidin, wanda aka fara a 1984 daga dubban wasannin da aka buga tsakanin na'urori, shi aka fi dogara da shi. A ma'auninsa na shekarun 1990 Super Constellation tana sama kaɗan da 1700, Mephisto MM IV wajen 1900, R30 kuma ta haura 2300. Sai ka tambayi kanka gaskiya: kai nawa kake? Mai 1500 da ya sayi R30 ya sayi wanda zai riƙa dukansa kullum ba ya ko gane ta inda aka shigo masa. Kafin ka kashe ko kwabo, akwai manhajar MAME da ke kwaikwayon ɗaruruwan na'urorin nan a kwamfutarka, da ainihin manhajarsu. Yi wasa goma da wadda ranka ke so. Da yawa sha'awar kan mutu a nan, kuɗi ya tsira.

Sai ka zaɓi hanya guda. Ba mai iya tara duka, kuma wanda ya fara da sayen duk abin da ya gani zai wayi gari da kabad cike da roba iri ɗaya. Wani yakan bi marubuci guda daga farkonsa zuwa ƙarshe. Wani yakan tsaya a shekarun farko, 1977 zuwa 1982: Boris mai akwatin katako da ke rubuto wa abokin wasa baƙar magana, Voice Chess Challenger ta 1979 mai magana da murya, Mephisto ta farko ta 1980 wadda Jamusawa ke kira Brikett saboda ta yi kama da curin gawayi. Wani kuma kayan gabashin Turai yake bi, irin su SC2 da Chess Master na Jamus ta Gabas da Elektronika ta Tarayyar Sobiyet. Chess Challenger 7 ta 1979 an sayar da dubban ɗaruruwa, saboda haka duk wanda ya ce maka tasa ba a samun irinta, ka yi murmushi ka wuce.

Farashin gaskiya

Abin da mai kaya ya rubuta ba shi ne farashi ba, fata ce. A eBay akwai wurin da ake tace kayan da aka riga aka sayar; can za ka duba, ka yi wata biyu ko uku kana rubuta abin da ka gani a littafi, da yanayin kowace na'ura da abin da ya biyo ta. Za ka lura wasu tallace-tallacen sun shekara a rataye ba wanda ya taya. A Jamus kaya sun fi yawa a Kleinanzeigen, a Holand a Marktplaats, kuma yana da kyau ka san kalmomi huɗu ko biyar na Jamusanci. Dachbodenfund na nufin an tsinto ta a saman rufi. OVP na nufin tana cikin kwalinta na asali. Defekt da für Bastler sun fito fili: ta lalace, sai mai gyara. Mai haɗarin ita ce ungetestet, wato ba a gwada ba. Daga bakin jikan da ke share gidan kakansa, maganar na iya zama gaskiya. Daga bakin wanda ya sayar da allunan ces hamsin a bara, ka ɗauka ya gwada ta ƙi tashi, ka taya ta a matsayin matacciya.

A gwanjo, yanke iyakarka tun kafin a fara, ka rubuta ta, ka cire kuɗin dako da na kwastan daga ciki. Allon München faɗinsa santimita 50 ne, Exclusive 40, kuma katako ne mai nauyi; wani lokaci kawo shi Kano ko Yamai ya kusa kuɗin sayensa. Idan an wuce iyakarka, ka bar musu. Ban da 'yan ƙalilan da aka ƙera kaɗan, duk na'urar da ta wuce ka yau wata irinta za ta fito kafin shekara ta zagayo.

Gwaji, don kada a yi cinikin biri a sama

Nan ne ya kamata mutum ya ɓata lokaci. Alluna iri uku ne. Akwai na maɓalli, wanda kake rubuta motsi da hannu. Akwai na dannawa, wanda kake latsa gidan da ɗa ya tashi da wanda ya sauka. Akwai kuma mai ji da kansa, wanda a ƙarƙashin kowane gida aka sa wani siririn makunni a cikin gilashi, a gindin kowane ɗa kuma maganaɗisu. Kowanne da inda yake ciwo. A na dannawa, ledar da ke ƙasa kan gaji a gidajen da aka fi taɓawa, e2, e4, d2, d4, g1, f3, har sai an danna da ƙarfi ko ta ƙi ji sam. Kuma wannan leda wuyar samu gare ta. A mai maganaɗisu, makunni kan maƙale ko gilashinsa ya fashe, amma duk mai gyaran rediyo da ya iya riƙe dalma zai canza shi, ana kuma sayar da sabo har yanzu. Shi ya sa na fi sakin jiki da allon maganaɗisu mai gida biyu matattu a kan na dannawa mai gida ɗaya da ke gardama.

Ka roƙi mai sayarwa ya ɗauki bidiyo, da takarda a gefe mai kwanan watan ranar. Ya kunna, ya bi gidaje 64 ɗaya bayan ɗaya da ɗa guda kana ganin fitilar kowanne, ya danna kowane maɓalli, sannan ya bar ta ta yi wasa da kanta ko da motsi ashirin ne. Wasu na'urorin lafiya lau suke tashi, sai sun yi zafi bayan rabin awa su daskare. Ka duba fuskar da ke nuna rubutu: ko akwai layin da ya ɓace, ko baƙin tabo da ke yaɗuwa daga gefe, ko ta dushe sai an karkata kai. Ka nemi hoton ɗakin batir a buɗe. Farin gari ko kore a kan ƙarafan alama ce batir ya taɓa zuba, kuma ruwan kan bi waya ya shiga har cikin allon lantarki. Wanda ya ƙi yin ko ɗaya daga cikin waɗannan a kan kaya mai tsada, ya riga ya ba ka amsa.

Mephisto na da nata tarkon. Allunansu na Modular, Exclusive da München suna da aljihu a gaba inda ake zura mojul, wato akwatin ƙwaƙwalwa da na fuska, a zare a sa wani. Mojul ɗin Lang an sa musu sunan garin da aka yi gasar duniya: Amsterdam 1985, Dallas 1986, Roma 1987, Almeria 1988, Portorose 1989, Lyon 1990, sai Vancouver. Masu su da yawa sun riƙa sabunta manhaja ta hanyar canza guntun EPROM a ciki, murfin waje kuwa yana nan da tsohon suna. Haka nan suna ɗaya na iya zama mai ƙwaƙwalwar 68000 ko mai 68020, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba. Saboda haka rubutun murfi ba hujja ba ne. A nuna maka abin da na'urar kanta ke faɗa a fuskarta, ko a buɗe a ɗauki hoton ciki. Haka ma Chess Challenger ɗin farko da muka fara da ita: akwatin na iya zama na asali, cikin kuwa an daɗe da mayar da shi na uku.

'Ya'yan ma a ƙirga su. Idan allon mai maganaɗisu ne, samun madadi ba wuya. Amma allunan Tasc SB30 da Mephisto Bavaria suna gane kowane ɗa da kansa ta wani abu da aka binne a gindinsa, kuma ɓatan soja guda na iya tsayar da wasa gaba ɗaya. Littafin bayani da kwali na ƙara daraja wurin sayarwa, ba sa ƙara komai wurin wasa.

Masu motsa 'ya'ya da kansu, irin Novag Robot Adversary ta 1982 da Milton Bradley Phantom ta 1983 da Fidelity Phantom da ta biyo baya, sun fi kowa jan ido, sun kuma fi kowa sa kuka. Akwai moto, akwai bel, akwai haƙoran roba da suka shekara arba'in. Ba kayan fari ba ne, sai in kai ma'abocin sukurdireba ne.

Wuta

Na'urorin da wuta ta kashe a hannun sababbin masu su sun fi waɗanda tsufa ya kashe, a iya abin da na gani. Ni ma na biya kuɗin makarantar. Na taɓa sayen wani allo da ya zo ba adafta, na ɗauko ta wata tsohuwar rediyo da bakinta ya shiga daidai, na jona. Ƙauri kawai na ji. Bakin ɗaya ne, amma tabbatacciya da korarriya a juye suke. Kamfanonin nan ba su taɓa haɗa kai a kan ƙa'ida guda ba: ƙarfin wuta ya bambanta, juyin baki ya bambanta, wasu tsofaffin Fidelity ma wutar AC suke sha ba DC ba, kuma a gidan Mephisto kansa adaftar ƙananan mojul daban take da ta manya. Nemo littafin na'urar, karanta abin da take buƙata, ka auna adaftar da mita kafin ta taɓa allon. Tsohuwar adafta mai nauyi takan nuna sama da abin da aka rubuta mata idan ba a ɗora mata kaya ba, wannan ba abin tsoro ba ne in bai yi yawa ba.

Wanda ke zaune a ƙasashenmu yana da ƙarin aiki. Abin da ya fito daga Amurka na wuta 110 zuwa 120 ne, tamu kuwa 220 zuwa 240, saboda haka sai da taransifoma mai rage wuta, ko sabuwar adafta mai fitar da daidai abin da ake so. Na Turai ya dace da tamu, amma kada a jona shi kai tsaye a wutar da ke hawa da sauka, balle janareto. A sa sitabilaiza, in kuma na'urar na karɓar batir, ya fi kwanciyar hankali.

Idan kaya ya iso, kada ka yi gaggawar kunnawa. Tun farko ka roƙi a naɗe 'ya'ya daban, a cire batir, a daure aljihun mojul, a sa kwali cikin kwali. Ka buɗe, ka girgiza a hankali ka ji ko wani abu na yawo a ciki. In batir ya zuba, ɗan ruwan tsami na binega a kan auduga na narkar da farin garin, sai a bi da sifirit a bar shi ya bushe sarai. Kafasitocin da suka kumbura a canza su. Kuɗinsu kaɗan ne kuma sukan jawo daskarewar nan. Takardar da aka liƙa a kan tagar guntun EPROM kada a ɓare ta, domin hasken rana na goge abin da ke ciki. Na'urorin Saitek da yawa suna da ɗan rami a ƙasa mai rubutun ACL. Kafin ka yanke hukuncin cewa ta mutu, tsokana shi da tsinke na 'yan daƙiƙu.

Ajiya kuma sai an lura da yanayinmu. Allon da ya yi shekara talatin a ɗaki mai sanyi a Bavaria bai san hunturu ba. Busasshiyar iska na tsaga katako ta ɗaga fallen da aka liƙa a sama, ƙura na shiga maɓallai, damina kuma ta kawo tsatsa da kyankyasai. A rufe shi da zane, a nisanta shi da taga da rufin kwano, a ɗan shafa masa kakin katako, kada a bar batir a ciki ko na mako biyu ne. Duk bayan 'yan watanni a kunna shi ya yi wasa.

Masu tarawa a Jamus da Holand sukan haɗu da allunansu a ɗaki guda su yi gasa, kowa yana matsa wa na'urarsa 'ya'ya kamar mai riƙe wa ɗan dambe ruwa, kuma a irin wannan zama ake musayar kaya da farashin da ba ya fitowa a gwanjo. Tsohon hannu ya fi son ya sallama wa wanda ya ga yana wasa da abin a kan wanda zai saka shi a kasuwa jibi. Kai ma da na'ura biyu za ka iya farawa a gida. Jera su gefe da gefe, ka sa kowacce a matakin gasa, motsi 40 cikin awa biyu, ka riƙa kai motsin wannan wurin waccan kana rubutawa a littafin nan da ka fara da farashi. MM IV, mai ƙwaƙwalwar 6502 da manhajar da duka-duka kilobayit 32 ce, takan yi minti uku tana ƙifta fitila kafin ta matsa soja gida ɗaya. Ka ɗora shayi tun da wuri, wasa guda kan cinye daga la'asar har bayan isha'i.